Ina so in rabu da gilashi: LASIK, PRK ko SMILE?

'Yar Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara na zo nema. Don Allah wanda ya san abin ya yi magana, wanda aka taɓa yi wa kuma ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, daɗi da wuya. Tun ina aji biyu na ƙaramar sakandare nake sa gilashi saboda ba na ganin nesa. Yanzu shekaruna 27, lambar idon dama mainos 6, ta hagu mainos 5.50. In na cire gilashin, mutum yana tsaye a bakin ƙofa ba zan gane shi ba sai ya yi magana. Koyarwa nake yi, ga alli ga zufa, gilashi kullum yana zamewa a hanci, kuma na gaji. Makon jiya wani ejan ya kawo mana tallar tafiya Masar: kwana huɗu, ranar farko a auna ido, rana ta biyu a yi aikin gyaran ido na LASIK, rana ta huɗu a hau jirgi a dawo. Maigidana ya ce zai biya. Da na shiga intanet sai na tarar ashe aikin ba iri ɗaya ba ne, akwai LASIK, akwai PRK, akwai wani wai SMILE. Wanne ya fi? Kuma da gaske ne akwai wanda aka yi wa ya rasa idonsa?

Maman Hanan:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni LASIK aka yi mini a Indiya, bana shekara shida ke nan, kuma ban taɓa da-na-sani ba. Bari in faɗa miki yadda abin yake don tsoron ya ragu. Ba a sa mutum barci. Magani ake ɗiga miki ya kashe idon, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido don kada ki ƙifta. Za ki ji an danna idon, gani ya ɗauke na 'yan daƙiƙu, nan ne kaɗai na tsorata. Sai a ce ki kalli wani ɗigon haske, ki ji na'ura tana ƙara, ki ji ƙauri kamar na gashin da ya ƙone. Ido biyun duka bai kai minti ashirin ba. Yammacin ranar idona ya yi ta yaji da hawaye, na kwanta. Da asuba na buɗe ido na ga agogon bango daga kan gado, na karanta lokaci ba tare da na laluba komai ba. Wallahi sai da na yi kuka.

Baffa Direba:
Allah ya ƙara miki lafiya Hajiya, amma ba kowa ne ya dace irin taki ba. Ni ma an yi mini, shekara huɗu da suka wuce. Da rana gani na tar yake, ban ƙi ba. Amma ni sana'ata tuƙin dare ne, Kano zuwa Legas. Tun da aka yi aikin nan, duk fitilar motar da ta tunkaro ni sai in ga ta yi zoben haske, ta tarwatse kamar tauraro. Watannin farko sai da na ajiye tuƙin dare gaba ɗaya. Ya ragu yanzu, amma bai tafi duka ba. Ga bushewa, in hunturu ya kama sai in ji kamar an zuba mini rairayi a ido, kwalbar maganin ɗigawa ba ta rabuwa da aljihuna. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne babu wanda ya tambaye ni me nake yi da idona kafin a kwantar da ni. Kuɗi aka karɓa, aka yi, aka sallame ni. 'Yata, ki yi a hankali.

Sadauki:
Baffa tsohon yayi aka yi maka shi ya sa. SMILE za ki yi, shi ne sabo, babu yanka babu bushewa. Kada ki bari a yaudare ki da LASIK.

Likitar Ido:
Salamu alaikum. Na ga an kira ni a saƙo cewa ana wannan magana, to ga ni. Zan yi tsawo, ku yi haƙuri, don ido ba abin da za a yi wa bayani a layi biyu ba ne.

Ƙanwata, tambayarki ta "wanne ya fi" ba ta da amsa sai an auna idonki. Amma bari mu fara daga tushe. Rashin ganin nesa yawanci daga tsawon ƙwayar ido yake. Idon ya ɗan fi yadda ya kamata tsawo daga gaba zuwa baya, sai hasken da ya shigo ya haɗu kafin ya isa bangon baya inda hoto yake sauka, wato retina. Shi ya sa abin nesa yake zuwa miki dishi-dishi. A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashin agogo, muna ce masa koniya. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin tattara haske na ido daga gare shi yake. Kaurinsa a tsakiya wajen maikiron 540 ne a yawancin mutane, wato rabin milimita da ɗan ɗoriya. Duk ayyukan da kuka lissafa da leza ake yin su, wato na'urar da ke sassaƙa nama da haske, kuma abu ɗaya suke yi: a rage naman tsakiyar koniya don tudunta ya ɗan kwanta, haske ya koma yana haɗuwa daidai kan retina. Bambancinsu shi ne ta ina ake shiga.

A PRK, ana kankare fatar saman koniya, wadda kaurinta wajen maikiron 50 ne, leza ta sassaƙa abin da ke ƙasa, a ɗora kontak na kariya, wato siririn gilashi mai taushi da ake manna wa ido, har fatar ta sake tsirowa. Akwai zafi na gaske kwana biyu zuwa huɗu, kuma gani ba ya daidaita sai bayan makonni. A LASIK ana yanka siririn murfi, a ɗaga shi kamar shafin littafi, leza ta yi aikinta a ciki, a mayar da murfin. Shi ya sa Maman Hanan ta wayi gari tana gani: ba a taɓa fatar sama ba. Amma murfin nan ba ya komawa ya yi ƙarfin da yake da shi da, kuma wajen yanka shi ana datse jijiyoyin da ke gaya wa ido ya yi hawaye. Daga nan bushewar Baffa ta samo asali. A SMILE kuwa leza ce take zana ɗan faifai a cikin naman koniya ba tare da an buɗe saman ba, likita ya zaro shi ta wata kafa ta milimita biyu zuwa huɗu.

Sadauki, ka ga ke nan akwai yanka a SMILE, ƙarami ne dai. Kuma ana samun bushewa, sai dai sau da yawa ba ta kai ta LASIK ba a watannin farko. In kuma lamba ta rage bayan aiki, gyaran SMILE ya fi wuya, galibi sai an koma an yi PRK a kansa. Aiki ne mai kyau, amma ba na kowa ba ne.

Sadauki:
Na karɓi gyara Likita. Abin da aka gaya mini ne na faɗa.

'Yar Zazzau:
Na gode Anti Likita. To tunda ni malama ce, hutun makaranta kaɗai nake da shi, ai LASIK ɗin da ake warkewa da wuri shi ya fi dacewa da ni ko?

Likitar Ido:
Ba hutunki ne zai zaɓa ba, koniyarki ce. Bari in yi miki lissafin da muke yi. Kowace lamba ɗaya da za a gyara tana cin maikiron 12 zuwa 15 na nama, gwargwadon faɗin wurin da aka sassaƙa. Mainos 6 ɗinki zai ci kusan 90. Murfin LASIK yana ɗaukar 100 zuwa 120. Abin da ya rage a ƙasa shi ne yake riƙe da idon, kuma ba a so ya gaza 250, da yawa daga cikinmu ma ba ma yarda ya gaza 300. In koniyarki 550 ce, akwai sarari. In 490 ce, babu. Koniyar da aka rage ta fiye da ƙima tana iya fara kumburowa gaba a hankali, bayan shekara ɗaya ko biyar, gani ya lalace ta yadda ko gilashi ba ya gyarawa sosai. Wannan shi ne abin da muka fi tsoro, ba makanta a kan gadon aiki ba, wadda da wuya ƙwarai take faruwa. Kuma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye: bincike ya nuna cewa baƙar fata, a matsakaici, koniyarmu ta fi ta Turawa siranta. Don haka kada ki ɗauki labarin wata a YouTube ki auna kanki da shi.

Ɗan Maraɗi:
Maganar Likita gaskiya ce, ni shaida ne. Na tafi Tunisiya da kuɗina a hannu, na yi niyyar a yi mini LASIK in huta. Aka zaunar da ni gaban wata na'ura mai zana taswirar koniya da launi-launi. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya tambaye ni ko ina yawan murza ido. Na ce tun ina yaro, don ƙaiƙayi ba ya barina lokacin ƙura. Ya ce koniyata ta fara tsini ta ƙasa, ciwon da suke kira keratokonus, kuma da ya taɓa ta da leza da ya cuce ni. Raina ya ɓaci a ranar, na ga kamar asarar tafiya na yi. Maimakon haka aka yi mini wani aiki na ƙarfafa koniyar, ana ɗiga sinadarin bitamin B2 a haska da wani haske don ta tsaya inda take. Har yau ina sa gilashi, amma lambar ta daina gudu. Duk inda mutumin nan yake Allah ya saka masa da alheri, don ya bar kuɗi ya faɗa mini gaskiya. Iyaye kuma, ɗan da ke murza ido kullum a kai shi asibiti, ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniya:
Ni ba likita ba ne amma tarihin abin nan yana burge ni, ku ba ni dama. Tun kafin leza, wani likita ɗan asalin Sifen da ke zaune a Bogota ta ƙasar Kolombiya, José Barraquer, yakan yanko koniya ya daskarar da ita ya sassaƙa ta a kan na'ura ya mayar. A shekarun 1970 kuma Svyatoslav Fyodorov na Tarayyar Sobiyet ya shahara da tsaga koniya da wuƙa, tsaga-tsaga kamar spokin keke, don ta kwanta. Ita lezar da ake amfani da ita yanzu ba don ido aka ƙera ta ba, a kamfanin IBM ana gwada ta ne a kan robobi na kayan kwamfuta. A 1981 Rangaswamy Srinivasan da abokan aikinsa suka gwada ta a kan ragowar naman talotalo, suka ga tana yanka tsaf ba ta ƙona gefe. Kowane bugu ɗaya yana ɗauke kusan rubu'in maikiron. A 1988 Marguerite McDonald ta yi PRK a idon mutum mai gani a Amurka, sannan Ioannis Pallikaris na ƙasar Girka ya haɗa murfi da leza ya raɗa masa suna LASIK. Ita kuma lezar da ke yanka murfi da faifan SMILE, daga haɗari aka gano amfaninta: a 1993 ta haska idon wani ɗalibi a Jami'ar Michigan bisa kuskure, likitan da ya duba shi ya ga raunin ya fita tsaf kamar an zana. Dabarar da ta sa aka samu irin wannan leza ce ta ba Gérard Mourou da Donna Strickland kyautar Nobel a 2018.

Baffa Direba:
Injiniya, yarinya shawara take nema, kai kuma ka kawo mana talotalo.

Likitar Ido:
Baffa bar shi, akwai darasi a ciki, a wajen Fyodorov. Aikin tsagar nan da farko kowa murna yake, an jefar da gilashi. Sai da aka bi waɗanda aka yi wa a Amurka har shekara goma aka ga kusan kashi 43 cikin ɗari na idanun sun ci gaba da sauyawa, sun zarce zuwa wahalar ganin kusa. Wasu ganinsu na safe daban, na yamma daban. Akwai wani likita ɗan Amurka, Beck Weathers, da aka yi masa wannan aiki, ya hau dutsen Everest a 1996, ƙarancin iska a can sama ya sauya masa siffar koniya har ya kasa ganin gabansa. Babu wanda ya hango haka ranar da aka yi masa aikin. Shi ya sa nake girmama PRK da LASIK, an ga ƙarshensu shekara fiye da ashirin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da PRK tun 1995, SMILE kuwa sai 2016. Ba ina cewa SMILE ba shi da kyau ba ne, sakamakonsa yana da kyau. Cewa nake kalmar "sabo" ba hujja ba ce a harkar ido.

Maman Hanan:
Amma fa kada a tsorata ta da yawa. Irin su Baffa 'yan kaɗan ne. Mu da muka ji daɗi mun fi yawa nesa ba kusa ba, kawai dai wanda ya samu lafiya ba ya zuwa intanet ya yi ta magana.

Baffa Direba:
Hajiya, in kai ne ɗan kaɗan ɗin, ba ka jin kanka kaɗan. Idona biyu ne kamar naki.

Likitar Ido:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, kuma akwai alƙaluma. Ita wannan hukuma ta Amurka ta yi bincike a kan waɗanda aka yi wa LASIK, sojoji da farar hula. Fiye da kashi 95 cikin ɗari sun ce sun gamsu. Amma cikin waɗanda ba su da wata damuwa ta gani kafin aiki, har kashi 46 sun ce bayan wata uku suna ganin wani sabon abu, kamar zoben haske ko walƙiya. Cikin waɗanda ba su da bushewa a da, har kashi 28 sun fara jin ta. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu sosai ba su kai kashi ɗaya ba. Ka ga Maman Hanan tana cikin 95, Baffa kuma damuwarsa sananniya ce, ba ƙirƙira ya yi ba. Laifin da aka yi wa Baffa shi ne rashin tambaya. Direban dare, mai babbar lamba, wanda ɗan tsakiyar idonsa yake buɗewa sosai cikin duhu, dole a zauna da shi a faɗa masa wannan kafin ya sa hannu a takarda. Baffa, ka je a sake auna ka, wani lokaci 'yar lamba ce ta rage, ƙaramin gilashin tuƙin dare yana rage zoben. Kuma bushewar kanta tana ƙara shi.

Hajiya Babba:
Ni tambayata daban ce. Wannan ba ya shiga canza halittar Allah? Tunda gilashi yana biya mata buƙata, me ya sa za a yanka ido lafiyayye?

Malam Na Tudun Wada:
Hajiya, Allah ya saka da alheri da wannan tunani. Abin da aka hana shi ne canza halitta don neman ƙawa. Gyara aibi ko lalura kuwa neman magani ne. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. Idon da ba ya gane fuska daga bakin ƙofa ba za a ce masa lafiyayye ba. Sharaɗin dai shi ne masana amintattu su ga amfanin ya rinjayi cutarwa a kan wannan mutum ɗin. Sai shawara ɗaya: kada ta sa aikin cikin Ramadan. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka sa a ido in ɗanɗanonsa ya isa maƙogwaro akwai magana a kan azumin, ga shi kuma za a ce ta riƙa ɗiga magani sau da yawa a yini.

'Yar Zazzau:
Malam na gode. Alwala fa? Na ji an ce ba a son ruwa ya shiga.

Likitar Ido:
Makon farko kada ruwan famfo ko na rijiya ya shiga cikin idon, saboda ƙwayoyin cuta. Ki rufe ido, ki wanke fuska a hankali, kada ki danna, kada ki murza. Kwalli a ajiye shi sai likita ya ba da izini. Hayaƙin murhu da turaren wuta ma a nisance su kwanakin farko.

Amma bari in dawo kan tafiyar kwana huɗun nan, don ita ce ta fi damuna. Masar tana da ƙwararrun likitocin ido, ba ƙasar nake zargi ba, tsarin nake zargi. An riga an rubuta LASIK a kan takardar talla kafin kowa ya ga idonki. In an auna aka ga PRK ya dace da ke fa? Kontak ɗin kariya kaɗai sai ya yi kwana huɗu zuwa bakwai kafin a cire, kina jirgi ke nan. Bayan PRK ana ɗiga maganin hana kumburi na makonni, wanda a wasu mutane yake tayar da hawan jinin ido, dole wani ya riƙa aunawa. Kuma mutumin da ya biya kuɗin jirgi da masauki, ranar da aka ce masa "idonka bai dace ba", da wuya ya haƙura, shi ma mai asibitin da wuya ya faɗa. Ki fara aunawa a gida, inda ba wanda zai ci riba da amsar. Kina Zariya, Kaduna na kusa da ke, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ki nemi a duba kaurin koniya, taswirarta, ƙarfin hawan jinin ido, yanayin hawaye, a kuma ɗiga maganin buɗe ido a leƙa retina har gefe-gefe. In wani gwajin babu shi a inda kika je, za su faɗa miki inda ake yi. In kina sa kontak ki ajiye shi mako biyu kafin awon, don yana canza siffar koniya. Ki tafi da tsoffin takardun gilashinki, ana so a ga lambar ta tsaya aƙalla shekara guda. Sai tambaya ta tsakanina da ke: akwai ciki ko shayarwa? In akwai, a dakata, lamba tana motsi a wannan lokacin.

'Yar Zazzau:
Babu ko ɗaya Anti, na yaye tun bara.

Malamar Asibiti:
Ni nas ce a sashen ido, ina so in ƙara abu ɗaya da nake gani kullum yana ba ni tausayi. Mutum an yi masa leza, ya jefar da gilashi, shi ke nan ba ya sake taka ƙofar asibitin ido sai bayan shekara goma sha biyar. Alhali leza gaban ido kaɗai ta gyara, tsawon ƙwayar yana nan yadda yake. Mai mainos 6 ko an yi masa aiki, retinarsa ta mai mainos 6 ce, tana iya yagewa ko ta ɓalle. Duk ranar da kika ga walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo sun yi yawa farat ɗaya, ko kamar an saki labule ta gefe, a ranar za ki zo, ba gobe ba.

Likitar Ido:
Sista kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ƙari a kan haka, hawan jinin ido, wato gilakoma, ya yi yawa a cikinmu, yana kama mu da wuri, kuma ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. Masu rashin ganin nesa sun fi shiga haɗarinsa. To na'urar da muke auna ƙarfin ido da ita koniya take dannawa. In an rage kaurin koniya sai ta ba da lamba ƙasa da gaskiya, a ce wa mutum lafiyarsa ƙalau alhali jijiyar gani tana ci. Duk wanda aka yi wa leza, Maman Hanan da Baffa har da ku, duk likitan da zai duba ku ku fara gaya masa. Ku ajiye takardun awon da aka yi kafin aiki kamar takardar gida, domin ranar da tsufa ya kawo yanar ido za a buƙace su wajen lissafin gilashin da za a dasa.

Maman Hanan:
Wallahi Likita tun da na dawo ban sake zuwa an duba ni ba. Takardun ma sai na bincika akwati. In sha Allah makon nan zan je.

Abban Sadiq:
Tambaya ɗaya. Shekaruna 43, mainos 2.50. Ni ma in yi?

Likitar Ido:
Yaya, gwada wannan: sa gilashinka ka karanta ƙananan rubutu a waya, sannan ka cire ka karanta. In ka ga ya fi fita ba gilashi, to ganin kusa na shekaru arba'in ya fara ja baya, kuma mainos ɗinka ne yake rufa maka asiri. In aka goge shi da leza za ka ga nesa garau, amma Alƙur'ani da waya sai da gilashin karatu. Gilashi ka canza, ba rabuwa ka yi da shi ba. Ana iya gyara ido ɗaya don nesa a bar ɗaya don kusa, amma sai an gwada maka da kontak tukuna an ga ko kanka zai ɗauka.

'Yar Zazzau:
Salam 'yan'uwa, na dawo bayan mako uku. Na yi awon kamar yadda Anti Likita ta ce, sai da na je wuri biyu kafin na haɗa duka. Kaurin koniya: dama 498, hagu 502. Taswira sun ce lafiya, babu alamar tsini. Hawan jinin ido daidai. Hawaye sun ce da ɗan ƙaranci. A retinar hagu an ga wani wuri da ya yi siriri a gefe, likitan ya ce zai sake dubawa kafin a yi maganar komai. Ya ce shi ba zai ba ni shawarar LASIK ba, ko PRK ko kuma wani gilashi da ake dasawa a cikin ido. Na gaya wa ejan ba zan je ba, ya yi ta kira yana cewa can na'urarsu ta fi tamu, za su iya.

Likitar Ido:
Alhamdu lillahi da kika auna. Duba lissafin da kanki: 498, cire murfi 110, cire 90, saura 298. A kan gaɓa kike, ga ƙarancin hawaye, ni ma ba zan yi miki LASIK ba, kuma babu na'urar da za ta ƙara miki naman da babu. Da PRK kuwa, cire fatar sama 50 da 90, saura wajen 358. Gilashin dasawa, wanda ake kira ICL, ba ya taɓa naman koniya kuma ana iya cire shi, amma shiga cikin ido ne, haɗarinsa daban, kuɗinsa ya fi yawa, kuma sai an auna zurfin gaban idon an ga akwai wuri. Fara da retinar, ita ce gaba da komai. A gyara hawayen wata biyu ko uku. In PRK kika zaɓa, ki nemi inda za ki iya komawa washegari, da bayan mako, da bayan wata, kuma ki sayi baƙin gilashi mai tare hasken rana na gaske, don rana mai ƙarfi irin tamu tana iya sa koniya ta yi hazo bayan PRK.

Baffa Direba:
Kuma kada ki yarda a yi miki cikin hunturu 'yata. Ki bari ƙura ta kwanta.

'Yar Zazzau:
To Baffa. Dogon hutun damina nake hari in Allah ya kai mu. Anti Likita, ranar Talata zan koma a kan retinar. In sun ce za su ɗaure wurin da leza, wata nawa zan jira kafin a koma maganar PRK?

Likitar Ido:
Wannan wanda ya duba retinar ne zai yanke, sai ya ga wurin ya kama. Ki tafi da wanda zai rako ki gida, maganin buɗe idon zai hana ki gani sosai na wasu sa'o'i. Ki turo mini abin da ya rubuta.